Yadda ake aiki da otokilef a ɗakin gwaje-gwaje, da yadda ake zaɓar zafi da lokacin da ya dace da kowane kaya

Otokilef na'ura ce da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kaya da tururi mai matsi. Duk wanda ya yi karatun aikin lab ya haddace lissafin nan: zafi digiri 121, matsi psi 15 (psi ma'aunin matsi ne), minti 15. Lissafin gaskiya ne, amma na ɗan ƙaramin kaya ne wanda tururi ke taɓawa kai tsaye. Wanda ya ɗauke shi ya ɗora wa filas (kwalbar gilashin lab) mai lita 2, ko buhun shara da aka cusa aka ɗaure tamau, zai buɗe na'ura ya tarar tef ɗin gwajin zafi da aka manna wa kayan ya yi baƙin zane, ya ɗauka aiki ya yi, alhali ƙwayoyin da ke tsakiyar kayan suna nan da ransu.

Tafasasshen ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100. Wannan zafin yana kashe yawancin bakteriya, amma wasu, irin dangin Bacillus da Clostridium (cikinsu har da mai haddasa tetanos), suna dunƙulewa cikin wani ɓawo mai tauri da ke jure tafasa na tsawon lokaci. Idan aka rufe tukunya ruf, tururi ya rasa mafita, matsi sai ya hau, zafin tururin ma ya hau tare da shi. A kan wannan dabara Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, ya ƙera otokilef a shekarar 1879. Matsin da kansa ba ya kashe komai, hanya ce kawai ta kai tururi digiri 121 ko 134. Abin da ke kisa shi ne tururin da ya sauka a kan kaya masu sanyi, ya koma ruwa, ya juye musu zafinsa gaba ɗaya. Duk wurin da tururi bai taɓa ba, ba a turara shi ba.

Babban mai hana tururi isa shi ne iska. Idan rabin iskar da ke cikin na'ura ba ta fita ba, agogon matsi zai nuna psi 15 daram, amma zafin ciki bai wuce wajen digiri 112 ba. Kusan duk matakan da ke tafe, dabarun korar iska ne da buɗe wa tururi hanya.

Fara da sanin irin na'urar da ke gabanka

Akwai mai kama da babbar tukunya, da murfi a sama da ake ɗaurewa da kusoshi, wadda ake ɗorawa a kan gas ko a jona ta da wuta. Ita ce ta fi yawa a ƙananan asibitoci da makarantu, kuma komai nata da hannu ake yi. Akwai mai sarrafa kanta wadda tururi ke shigowa ta sama ya riƙa danna iska ƙasa har ta fice ta magudana, tunda iska ta fi tururi nauyi. Sai kuma mai famfon zuƙe iska, wadda ke tsotse iskar ciki sau da yawa kafin ta saki tururi. A ƙananan na'urorin kan tebur za ka ga harafi: N na kayan da ba a naɗe ba kuma marasa rami, B na kowane irin kaya har da naɗaɗɗu da masu rami, S kuma na abin da kamfanin ya ambata kawai. Nemi littafin na'urar ka karanta. Idan lambobinsa sun saɓa da na wannan rubutu, nasa za ka bi.

Dubawa kafin a kunna

Leƙa ciki ka tabbatar babu ragowar kayan wani. Ciro rariyar da ke bakin magudana ka wanke; guntun tef, auduga ko daskararren aga (abin da ke daskarar da abincin ƙwayoyin da ake shukawa a lab) idan suka toshe ta, iska ba za ta sami hanyar fita ba. Shafa robar murfi ka ji ko ta tsage ko ta bushe. Sannan ka duba ruwa. A mai kama da tukunya, ruwan ya rufe ƙarfen da ke dafa shi amma kada ya kai ga kwandon kaya. Ƙarfen nan idan ya yi aiki babu ruwa, ƙonewa yake yi nan take.

Ruwan da aka tace ta hanyar tururi ko wanda aka cire wa gishiri shi ake zubawa. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa suna da nauyi, suna barin farin ɓawo a jikin ƙarfe, su toshe bawul, su bar tabo a almakashi da hantsaki. Na san ba kullum ake samun tataccen ruwa ba, amma kuɗin na'urar tace ruwa bai kai kuɗin canza ƙarfen dafa ruwa a kai a kai ba.

Abin da bai kamata ya shiga ba

Kada ka sa duk abin da aka jiƙa da bilic. Da zafi yana sakin iska mai guba, yana kuma cin ƙarfen na'urar. Haka sifirit, asiton, fomalin da duk wani sinadari mai kama wuta ko mai tashi sama. Kada ka sa kwalbar da aka rufe gam. Mai, man shafawa irin basilin da garin hoda kuwa ba sa barin tururi ya ratsa su, don haka nasu busasshen zafi ne a oben: digiri 160 na awa 2, ko 170 na awa 1.

A kayan roba, juya gindin ka duba. Mai alamar PP, ko lamba 5 cikin kusurwa uku, yana jure zafin. Farantan fetri (waɗanda ake shuka ƙwayoyi a ciki) na roba da ake amfani da su sau ɗaya, da galan da ledojin kasuwa, narkewa suke yi. Farantan sai dai a matsayin shara, cikin leda ta musamman da tire a ƙarƙashi. Gilashi kuma ya zama mai jure zafi irin Pyrex, kuma babu tsaga ko kaɗan.

Ba kowace midiya, wato abincin da ake shuka ƙwayoyi a kansa, ake turarawa ba. XLD da TCBS, alal misali, tafasawa kawai ake yi har su narke, otokilef lalata su yake yi. Jini ana zuba shi ne bayan aga ya huce zuwa digiri 45 ko 50. Magungunan kashe bakteriya da yuriya ta matata mai ramin maikron 0.22 ake tace su, sannan a ƙara daga baya. Jikin robar garin midiya yana ɗauke da umarninsa, a riƙa karantawa.

Shirya kaya

Wanke kayan ƙarfe da gilashi tas kafin su shiga. Busasshen jini ko maiƙo rufi ne ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa. Almakashi da hantsaki a buɗe su, abin da ake iya warwarewa a warware shi. Naɗi ya kasance da takarda ko ƙyallen da tururi ke ratsawa. Takardar alminiyom ba ta barin tururi ya wuce, saboda haka idan ka rufe bakin filas da ita, ɗora ta sako-sako. Gwangwanin auduga da bandeji mai ramuka a gefe, a buɗe ramukan kafin a saka, a rufe su da zarar an fitar.

Ruwa-ruwa kada ya wuce kashi 2 cikin 3 na kwalba. Idan aga ne, rabi ya fi kwanciyar hankali domin yana kumfa. Sassauta murfi da rabin juyi ko fiye. Jera kwalaben cikin tire mai zurfi na ƙarfe ko na PP, yadda in wani ya yi ambaliya ba zai gangara magudana ya daskare a can ba.

Shara ita ce aka fi yi wa sakaci, kuma ita ce ta fi haɗari. Kada ledar ta wuce kashi 2 cikin 3. Zuba mata kamar kofi ɗaya na ruwa idan busasshiya ce, domin tururi ya taso daga cikinta. Bar bakinta a ɗan buɗe, yadda yatsu biyu ko uku za su shiga. Allurai da reza a kwalinsu mai tauri suke zama, ba a cikin leda ba. Kuma ba a haɗa shara da kaya masu tsabta a zubi ɗaya.

A manna wa kowane ƙunshi tef, a rubuta kwanan wata da abin da ke ciki.

Jera kaya a ciki

Mai turara dambu ta san idan ta danna gari a madambaci ta cika shi maƙil, gefe zai nuna tsakiya ya fito ɗanye. Haka abin yake a nan. Bar tazara tsakanin ƙunshi da ƙunshi, kada komai ya jingina da bango ko ya zauna a kan magudana. Naɗaɗɗun kaya a tsayar da su a gefensu maimakon a ɗora wani kan wani. Kofuna, kwanuka da kwalaben da babu komai a ciki a kwantar da su ko a kifa su a karkace. Idan suka tsaya baki sama, iska ce za ta zauna a ciki ta ƙi fita. Idan kaya sun yi yawa, raba su zubi biyu.

Zaɓar tsari, zafi da lokaci

A nan ne aikin yake. Tambaya uku za ka yi wa kanka: kayan nan ruwa ne ko busasshe? Iska na da wurin ɓuya a cikinsa? Yaya kaurinsa?

Kafin komai, a gane cewa lokacin da ake ambata na riƙe zafi ne, ba na dukan aikin ba. Ana fara ƙirga shi ne daga sa'ad da cikin na'ura ya kai zafin da ake so, ba daga kunna na'ura ba. Zubin da aka ce na minti 15 ne yakan ci awa ɗaya ko fiye idan an haɗa da ɗumama, korar iska, saukar matsi da hucewa.

Kayan ƙarfe da gilashi da ba a naɗe ba sun fi sauƙi. Tsarin danna iska ƙasa ya ishe su: digiri 121 na minti 20. Da yake babu naɗi, da zarar sun fito iska ta taɓa su, don haka na amfanin nan take ne.

Naɗaɗɗun kaya a wannan tsarin suna buƙatar minti 30 a digiri 121, sannan minti 15 zuwa 30 na bushewa. Idan na'urarka mai zuƙe iska ce, a nan take nuna amfaninta: digiri 134 na minti 3 zuwa 4, a matsin da ya kai wajen psi 30, sai bushewa na minti 20 zuwa 30. Ƙyalle, auduga, bututun roba masu tsawo da akwatunan kawunan fifet (bututun ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan) duk sun fi dacewa da ita, domin iskar da ke maƙale a cikinsu ba ta fita da daɗi sai an tsotso ta. Kada gajartar lokacin digiri 134 ta ruɗe ka har ka sa masa komai. Wasu robobin da ke jure 121 suna lanƙwashewa a 134.

Ruwa-ruwa kuwa tsarinsa daban ne, kuma ba a yi masa musaya. Abin da ya bambanta shi shi ne saukar matsi a hankali, ba zuƙe iska, ba bushewa. Ruwan da ke digiri 121 matsi ne kawai ya hana shi tafasa. Idan aka saki matsin farat ɗaya, sai ya tafasa da ƙarfi, ya yi ambaliya, wani lokaci kwalbar ta fashe. Lokacinsa kuma girman kwalba ɗaya ne ke yanke shi, ba jimillar abin da ke cikin na'ura ba, domin ma'aunin na'ura zafin tururi yake aunawa, shi kuwa tsakiyar ruwa yana biyo baya. Bututun gwaji da ƙananan kwalabe minti 15 ya ishe su a digiri 121. Filas mai rabin lita yana son minti 20 zuwa 30, mai lita 1 minti 30 zuwa 40, abin da ya kai lita 2 zuwa sama kuma yana dosar awa ɗaya. Wasu na'urorin suna da ma'aunin zafi mai waya da ake tsomawa cikin kwalbar ruwa mai girma daidai da mafi girman kwalbar da ke zubin. In kana da shi, yi amfani da shi, na'urar ba za ta fara ƙirga ba sai ruwan da kansa ya kai zafin.

Ga midiya, ƙara lokaci ba alheri ba ne. Zafi mai yawa yana ƙona sukarin ciki, launi ya yi duhu, pH (ma'aunin tsami) ya sauya, aga ya ƙi daskarewa yadda ya kamata, ƙwayoyin da kake son shukawa su ƙi tsirowa. A ganina, maimakon a dafa lita 2 a filas ɗaya na awa guda, gara a raba shi filas huɗu. Kada kuma a haɗa ƙananan bututu da manyan filas a zubi ɗaya: ko dai ƙananan su ƙone, ko manyan su ƙi kaiwa. Wasu midiya masu sukari kamfaninsu na cewa a sauko digiri 115, a bi abin da aka rubuta.

Shara mai ɗauke da ƙwayoyin cuta a ba ta minti 45 zuwa 60 a digiri 121. Leda na tare tururi, narkakken aga da tarkacen roba kuma suna jinkirta shigar zafi. Idan akwai ruwa mai yawa a cikinta, a yi mata saukar matsi a hankali kamar na ruwa-ruwa. Ita babu abin da ƙarin lokaci zai ɓata mata.

Kunnawa da sa ido

A na'ura mai sarrafa kanta, rufe ƙofa har ta kulle, zaɓi tsari, ka danna. Amma kada ka juya baya nan take. Tsaya ka ga zafi ya kai inda aka saita, kana sauraron ko tururi na tsiyaya ta bakin ƙofa.

A mai kama da tukunya, ɗaure kusoshin murfi biyu-biyu masu fuskantar juna, domin murfin ya zauna daidai. Bar bawul ɗin fitar iska a buɗe, ka kunna wuta. Da farko za ka ji tana tofar da iska da ɗigon ruwa a yanke-yanke. Ba a rufewa a lokacin. Jira sai tururi ya miƙe yana fita da ƙarfi ba yankewa, ka bar shi haka minti 5 zuwa 7, sannan ka rufe. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa. Idan allurar agogon matsi ta kai psi 15, rage wuta yadda za ta tsaya a nan, sai ka fara duba agogo. In ta sauko ƙasa a tsakiyar aiki, ƙirga ya koma farko.

Haka hukuncin yake idan aka ɗauke wuta. Minti 10 kafin ɗaukewa da minti 5 bayan an tada janareta ba su zama 15 ba. A sake daga farko, in kuwa midiya ce mai saurin lalacewa, sau da yawa gara a haɗa sabuwa. Shi ya sa a wurin da wuta ba ta da tabbas ya fi kyau a tsara zubi a lokacin da janareta ke aiki, bayan an tabbatar zai iya ɗaukar nauyin na'urar.

Masu aiki a wurare masu tudu su ƙara lura. A Jos, da ke kimanin mita 1,200 sama da teku, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96, kuma psi 15 a agogo ba zai ba ka 121 cif ba, sai wajen 119. Ana ƙara kimanin rabin psi ga kowace mita 300, wato a Jos ana neman wajen psi 17, idan na'urar ta amince da haka. In ba haka ba a tsawaita lokaci. Inda na'ura ke da ma'aunin zafi, shi ne abin dogaro, ba agogon matsi ba.

Buɗewa

Kashe wuta, ka bar matsi ya sauka da kansa har allura ta kwanta a sifili. Idan da ruwa-ruwa a ciki, kada ka buɗe bawul don ka gaggauta, kuma ka jira zafi ya sauko ƙasa da digiri 80. Sa safar hannu mai jure zafi wadda ta rufe har gwiwar hannu, da farar riga, da kariyar fuska, da takalmi rufaffe, ba silifa ba. Tsaya a bayan ƙofa, buɗe ta kaɗan, ka bar tururi ya fice na minti 10. Murfin sama kuwa a ɗaga ɓangaren da ke nesa da kai tukuna.

Ɗauki kwalabe a hankali, ba girgizawa. Ruwan da ya yi shiru yana iya tafasowa nan take idan aka motsa shi. Kada ka ajiye gilashi mai zafi a kan tayil ko ƙarfe mai sanyi, kuma kada ka ɗaure murfi sai ya huce. Ƙunshin da ya fito a jiƙe ba a ɗaukarsa a matsayin mai tsabta, domin danshi na jan ƙwayoyin cuta su ratsa takarda. A sake naɗe shi a maimaita, a kuma binciki dalili, ko cunkoso ne ko lokacin bushewa ne ya gaza.

Tabbatar da cewa aikin ya yi

Baƙin zanen tef abu ɗaya yake faɗa: wannan ƙunshi ya shiga zafi. Bai ce zafin ya daɗe ba, bai ce ya kai tsakiya ba. Akwai 'yan takardun gwaji da ke sauya launi sai zafi da lokaci da tururi sun cika. Su ake cusawa a tsakiyar ƙunshi mafi kauri. Na'ura mai zuƙe iska kuma ana yi mata gwajin Bowie-Dick kowace safiya kafin zubin farko: ƙunshin gwajin shi kaɗai a ciki, a saman magudana, digiri 134 na minti 3 da rabi. Takardar ta sauya launi bai ɗaya. Idan tsakiyarta ya yi fari-fari, iska ba ta fita duka ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce gwaji da rayayyun ƙwayoyi. Ana amfani da 'yar kwalba mai ɗauke da Geobacillus stearothermophilus a cikin ɓawonsa, wanda ke cikin mafiya jure tururi. A ajiye ta a wurin da ya fi wuyar kaiwa, kamar tsakiyar ledar shara ko kusa da magudana. Bayan an gama a fasa ɗan gilashin midiyar da ke cikinta, a sa a inkubeta (akwatin ɗumi) mai digiri 55 zuwa 60 na awa 24 zuwa 48, tare da wata kwalbar da ba a turara ba. Wadda ba a turara ba dole ta koma rawaya, alamar ƙwayoyin da ransu tun asali. Wadda aka turara ta tsaya a launinta na shunayya. A yi wannan aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane gyara.

Kowane zubi a shigar da shi littafi: kwanan wata, irin kaya, tsari, zafi, lokaci, sakamakon gwaji da sunan wanda ya yi. Ranar da kwalbar da aka turara ta koma rawaya, littafin ne zai nuna waɗanne kaya suka fita tun gwajin ƙarshe da ya yi kyau, a dawo da su duka. A dakatar da na'urar, a duba rariya, robar murfi da yadda aka jera kaya, a sake gwajin. Idan ya sake faɗuwa, a kira mai gyara ya auna ma'aunin zafi da agogon matsi da bawul ɗin kariya, kuma ba za ta koma aiki ba sai ta ci gwajin sau 3 a jere.